Sharhi a kan darussan bidiyo masu koyar da saka taswira cikin shafukan wiki

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin tattara kalmomi daga ƙauye zuwa ƙauye, ko ya taɓa tsara inda za a buɗe cibiyoyin yaƙi da jahilci a cikin wata gunduma, ya san wannan aiki ba ya rabuwa da taswira. A da taswirar takarda ake shimfiɗawa bisa tebur, a bi ta da jan fensir, in ta tsufa a liƙe ta ta baya. Yanzu an sami wata iri wadda ake sakawa cikin shafin intanet: mai karatu ya ja ta gabas ko yamma, ya kusanto da ita har unguwanni su bayyana, ya latsa wata alama bayani ya fito. A cikin wannan sharhi za mu kira ta taswira mai amsawa, domin tana amsa abin da hannun mai karatu ya nema.

Mutane da yawa suna koyon saka irin wannan taswira ta hanyar kallon gajerun darussan bidiyo da ake samu kyauta a intanet. Tun da yake wasu daga cikin abokan aikinmu sun fara tunanin dogara da waɗannan darussa wajen horar da ma'aikata, har ma da fassara su zuwa Hausa, ya kamata a auna su tukuna. Ba za mu ɗauki darasin wani mutum guda mu yi masa hukunci ba, domin kamanninsu ɗaya ne, kuma abin da ya dame mu shi ne tsarin da suka yi tarayya a kansa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, waɗannan darussa sun iya nuna wa hannu inda zai latsa, amma sun bar abubuwa uku da ingancin taswirar mai binciken harshe ya rataya a kansu: rubutun umarnin da ke ƙarƙashin taswirar, da sunayen da ke bisa kanta, da ma'anar iyakokin da ake shatawa.

2. Kayan aikin da ake magana a kansu

Wiki shafi ne na intanet wanda mutane da dama ke iya rubutawa da gyarawa tare, kuma yana ajiye tarihin kowane gyara. Ward Cunningham ya ƙirƙiro na farko a Amurka a 1995, ya aro sunan daga wata kalma ta harshen tsibirin Hawai mai nufin sauri. Manhajar wiki da ta fi shahara ita ce MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, har da Wikipedia ta Hausa. Kyauta ce, kuma kowace cibiya tana iya kafa nata wiki da ita domin ajiye sakamakon bincike.

MediaWiki ita kaɗai ba ta zana taswira. Sai an ɗora mata wata ƙaramar manhaja, wadda za mu kira ɗori. Biyu daga cikin waɗannan ɗori sun fi shiga darussan bidiyo. Na farko shi ne Maps, wanda Jeroen De Dauw ya fara rubutawa a 2009, kuma masu wiki na kansu ne ke amfani da shi. Na biyu shi ne Kartographer, wanda gidauniyar Wikimedia ta fitar a 2016, aka fara da Wikivoyage, sa'an nan ya shiga Wikipedia ta Ingilishi a 2018. Kowannensu da irin umarninsa. Wanda ya koyi umarnin Maps ya je ya rubuta shi a Wikipedia ba zai ga taswira ba, domin ba a ɗora Maps a can ba.

Abu na uku, wanda ya fi su duka muhimmanci, shi ne inda hoton ƙasa yake fitowa. Hanyoyi da koguna da garuruwa da sunayensu da ake gani a taswirar Kartographer ba a cikin wiki suke ba. Daga OpenStreetMap ake ɗauko su, wato wata babbar taswirar duniya da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda masu aikin sa-kai ke cikawa, kowa ya zana abin da ya sani. Ke nan taswirar da ke fitowa a shafi hawa biyu ce: akwai shimfiɗa ta ƙasa wadda ta zo daga waje, akwai kuma alamomin da marubucin shafi ya aza a kanta. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu koma kansa.

3. Siffar darussan da amfaninsu

Darasin irin wannan yakan ɗauki mintoci kaɗan. Ba a ganin fuskar malami. Fuskar kwamfutarsa ce aka ɗauka yana aiki, ana jin muryarsa, ana bin kibiyar da yake nuni da ita. Yakan buɗe shafi, ya zaɓi wurin saka taswira, ya ja ta zuwa wani babban birni na Turai ko Amurka, ya dasa alama, ya ba ta launi da take, ya adana, taswira ta fito. Mafi yawan waɗanda muka kalla da Ingilishi suke, wasu da Faransanci.

Wajibi ne mu faɗi alherinsu kafin mu faɗi aibinsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan maganar ta zauna daidai. Akwai abubuwan da rubutu ke wahalar bayyanawa, kamar yadda ake riƙe taswira a ja ta, da yadda ake zagaye wuri da layi har bakinsa ya haɗu, da yadda ake kama kusurwar zane a gyara. Shafi guda na bayani ba zai yi abin da daƙiƙa ashirin ta kallo za ta yi ba. Har wa yau bidiyo yana cire tsoro. Ma'aikacin da ya ɗauka aikin na masana kwamfuta ne kaɗai, in ya ga an gama shi cikin minti biyar, sai zuciyarsa ta ba shi ya gwada. Daɗin daɗawa, ɗalibi yana iya tsayar da malami, ya mayar da shi baya sau goma, ba tare da jin kunya ba. Duk wanda ya koyar da manya ya san darajar wannan, domin kunyar sake tambaya tana cikin abubuwan da ke korar dattijo daga aji.

Saboda haka ba mu ce a yi watsi da bidiyo ba. Tambayarmu ita ce, wanda ya kalla ya kuma kwaikwaya, me ya iya, me kuma ya rage masa?

4. Rubutun umarni da kurakuran da bidiyo ba ya nunawa

Kowace taswira da ke cikin shafin wiki, a ƙarƙashinta rubutu ne. Ko da an saka ta da latse-latse, manhaja tana mayar da aikin zuwa layukan umarni, kuma su ake adanawa. Alal misali, ga umarnin da zai nuna Damagaram da kewayenta a Kartographer:

<mapframe latitude="13.8" longitude="8.99" zoom="10" width="400" height="300" />

Lamba ta farko ita ce awon arewa, wato nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa. Ta biyu awon gabas. Ta uku matakin kusantowa. Biyun ƙarshe faɗi da tsayin taswirar. Irin wannan layi ba ya yafe kuskuren harafi ko ɗaya. Aibin bidiyo na farko shi ne ba a iya kwafe rubutu daga cikinsa. Sai ɗalibi ya tsayar da hoto, ya ƙura ido ga ƙananan haruffa, sau da yawa a fuskar wayar salula, ya sake buga su ɗaya bayan ɗaya. Darasin da aka rubuta a shafi kuwa, kwafewa kawai za a yi a canza lambobi.

Akwai kuma kurakurai uku da suke jiran ma'aikacin ƙasarmu musamman, waɗanda malamin da ke Turai ko Amurka ba shi da dalilin tunawa da su.

Na farko, juyin lambobi. Alamomin da ake azawa bisa taswira ana rubuta su da wani tsari mai suna GeoJSON, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 2016. A wannan tsari awon gabas ne ke zuwa farko, sa'an nan awon arewa, saɓanin yadda aka koya mana a lakwal. Damagaram ke nan [8.99, 13.8] za a rubuta. In malami ya yi misali da Landan ya juya lambobin, alamarsa za ta faɗa cikin tekun Indiya gabas da Somaliya, kowa ya ga an yi kuskure. Mu kuwa, in an juya lambobin Damagaram, alamar za ta sauka a arewacin Kamaru, wajen madatsar ruwa ta Lagdo, kudu maso gabas da Garwa. In an juya na Maraɗi, wato arewa 13.5 da gabas 7.1, za ta sauka kusa da Ngaundere. Manhaja ba za ta yi gargaɗi ba, domin duka lambobin halal ne a gare ta. Abin da ya fi haɗari shi ne, a Garwa da Ngaundere akwai masu jin Hausa, saboda haka mai karatun taswirar karin harshe yana iya karɓar wannan alama a matsayin shaida, ya gina magana a kanta.

Na biyu, waƙafi da ɗigo. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba rubuta 13,8 inda mai Ingilishi ke rubuta 13.8. A GeoJSON waƙafi raba lambobi yake yi. Wanda ya rubuta [8,99, 13,8] ya ba manhaja lambobi huɗu a maimakon biyu, sai taswira ta ƙi fitowa ko alama ta ɓace. Ɗalibi zai duba bidiyo ya duba nasa, ya ga kamar daidai suke, domin a ƙaramin hoto da wuya a bambanta ɗigo da waƙafi.

Na uku, allon haruffa. Kwamfutocin ofisoshinmu galibi tsarin Faransa gare su, wanda ake kira AZERTY. A kansa baka mai kusurwa da baka mai lanƙwasa, waɗanda wannan rubutu ke cike da su, ba sa fitowa sai an haɗa da madannin AltGr. Bidiyo fuskar kwamfuta yake nunawa, ba ya nuna yatsun malami. Wannan ƙaramin abu yana iya tsayar da ɗalibi yini guda.

Abin da ya haɗa kurakuran nan uku shi ne, darussan suna nuna hanyar da komai ya tafi daidai. An yanke duk inda malami ya yi tuntuɓe kafin a fitar da bidiyon. Amma wanda bai taɓa ganin an yi kuskure an gyara ba, ranar da nasa ya same shi ba zai san ta inda zai fara ba.

5. Matsalar sunaye

Nan ne babban giɓin yake, kuma nan ne ya fi shafar masu nazarin harshe. A darussan, da zarar taswira ta fito sunayen garuruwa suna nan a kanta, malami ba ya cewa komai game da su, domin sunayen ƙasarsa daidai suke fitowa. Sai ɗalibi ya ɗauka suna wani abu ne da ya zo tare da ƙasar, kamar dutse ko kogi. Alhali kuwa kowane suna wani mutum ne ya buga shi cikin OpenStreetMap, kuma wani yana iya ƙara masa ko ya gyara.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowane wuri a OpenStreetMap yana da gurbi mai suna name, inda ake sa babban sunansa. Al'adar masu aikin ita ce a bi abin da ake amfani da shi a wurin, musamman abin da aka rubuta a allunan bakin hanya. A Nijar allunan da rubutun Faransanci suke, haka ma taswirorin hukuma tun daga waɗanda cibiyar taswira ta Faransa ta buga a zamanin mulkin mallaka da bayansa. Shi ya sa ake ganin Tahoua, Tessaoua, Madaoua, Dogondoutchi, Guidan Roumdji, Birni N'Konni. Ban da wannan gurbi, akwai gurabe na kowane harshe: name:fr na Faransanci, name:ar na Larabci, name:ha na Hausa. Tun 2018 Kartographer yana ƙoƙarin nuna sunaye da harshen wikin da ake karantawa. In ya sami name:ha zai nuna shi a shafin Hausa; in bai samu ba sai ya koma ga wani harshe, ko ga babban sunan. Ke nan Tawa da Tasawa da Madawa da Dogon Dutsi da Gidan Rumji ba za su bayyana ba sai wani ya je ya rubuta su a can. Babu umarnin da za a buga a cikin wiki wanda zai haifar da sunan da ba a shigar ba.

Ga mai tsara yaƙi da jahilci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya yi watanni yana koyon cewa harafin w shi ke ba da sautin farkon "wata", in aka nuna masa garinsu an rubuta Tessaoua, an rushe masa ƙa'idar da aka gina. Sunan garin mutum yana cikin kalmomin farko da yake marmarin karantawa. Haka kuma rubutun Faransanci ba shi da ɗ da ƙ da ɓ, saboda haka Maradi da Dan Issa sun yar da sautin da ke cikin Maraɗi da Ɗan Isa, tare da ma'anar da ke biye da shi.

Cika gurbin name:ha kuwa aikin bincike ne, domin akwai tambayoyin da sai masana sun zauna a kansu. Ta farko, wace ƙa'idar rubutu za a bi? Gurbin ɗaya ne ga Nijar da Nijeriya. Bayan taron Bamako na 1966 littattafan yaƙi da jahilci na Nijar sun riƙa ninka dogon wasali, har taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kusanto da ƙasashen biyu. Amma har yanzu mu ƴ muke rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ta biyu, wane karin harshe za a bi? Sunan da mutanen Adar ko Arewa ke furtawa da h ko hw, za a bar shi yadda masu garin ke faɗa, ko a mayar da shi f ta daidaitacciyar Hausa? Mu a ganinmu furucin masu gari ya fi cancanta, amma magana ce da za a yanke tare. Ta uku, ina za a sa wurin da ke da suna biyu? Bahaushe yakan ce Damagaram yana nufin birnin da hukuma ke kira Zinder, alhali Damagaram sunan ƙasar sarautar ce baki ɗaya. OpenStreetMap tana da gurabe na suna na biyu da tsohon suna, sai dai a san da su. Ta huɗu, garuruwa da yawa suna da suna na Hausa da na Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci. Sa sunan Hausa a gurbinsa ba ya ba kowa izinin goge na wasu, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibi wannan tun ranar farko.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar taswirori masu sunayen Hausa za ta ƙaru. Darasin da ya koya wa mutum dasa alama, bai gaya masa inda sunaye ke fitowa ba, ya bar shi da taswirar Faransanci a tsakiyar shafin Hausa.

6. Iyaka mai launi

Abin da ya fi burge mai kallo a waɗannan darussa shi ne shata yanki a cika shi da launi. Kartographer ma ya sauƙaƙa abin ƙwarai: in aka ba shi lambar da Wikidata ta ba wata jaha, sai ya ɗauko iyakarta daga OpenStreetMap ya zana da kansa. Ga mai nuna jahohi da gundumomi wannan alheri ne. Ga mai nazarin karin harshe kuwa tarko ne.

Mun san Hausar yamma, ta Tawa da Dogon Dutsi da Sakkwato, tana cewa "hwari" da "hita" da "biyat" inda Kano ke cewa "fari" da "fita" da "biyar", tana kuma sa "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce". Amma waɗannan siffofi ba su tsaya a layi ɗaya ba, kowace da inda ta kai, kuma akwai garuruwan da ake jin duka biyu a kasuwa guda. Ba su kuma san iyakar jaha ba, balle iyakar ƙasa da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wadda ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Ƙonni da Sakkwato. Wanda ya koyi cewa hanya mafi sauƙi ita ce a kira iyakar jahar Tawa a shafa mata launi, zai yi haka, ya rubuta "Hausar yamma" a kai. Taswirar za ta yi kyau, mai karatu zai gaskata ta, ga shi kuwa abin da ta nuna iyakar mulki ce. In mai tsara littattafan karatu ya dogara da ita wajen raba wane littafi za a kai wane ƙauye, kuskuren ya tashi daga shafi ya shiga aji.

Hanyar da ta fi gaskiya ita ce ɗigo: kowane ƙauyen da aka je aka yi tambaya a dasa masa alama, launinta ya nuna amsar da aka samu, bayaninta ya faɗi shekarar da aka je da yawan waɗanda aka tambaya. Inda ba a je ba a bar shi fari. A nan ne taswira mai amsawa ta fi ta takarda nesa ba kusa ba, domin kowane ɗigo yana iya ɗaukar shaidarsa. Sai dai a kula, alamar ta tsaya a kan ƙauye, kada ta nuna gidan wanda ya ba da bayani, tun da shafin kowa na iya buɗe shi.

7. Tsufan darasi

Bidiyo hoton rana ɗaya ne, manhaja kuwa tana canzawa. A farkon 2023 Wikipedia ta Ingilishi ta sauya fasalin shafukanta, wasu abubuwan latsawa suka bar inda suke. A 2018 kamfanin Google ya wajabta wa masu saka taswirarsa a shafukansu su buɗe asusun biyan kuɗi, saboda haka tsofaffin darussan da ke bin wannan hanya ba su cika ba. A 2020 gidauniyar Wikimedia ta taƙaita amfani da hotunan taswirarta ga shafukanta da na abokan aikinta, wato cibiyar da ta ɗora Kartographer a wikinta sai ta nemi wani wurin ɗauko shimfiɗar ƙasa. Shafin rubutu, musamman na wiki, ana gyara layi ɗaya a wuce. Bidiyo kuwa sai an sake ɗaukarsa, kuma tsohon yana nan yana yawo, ba abin da ke gaya wa ɗalibi cewa zamaninsa ya wuce. A ƙara da cewa kallonsa yana cin kuɗin intanet fiye da buɗe shafin rubutu ninki ba ninki, abin da ma'aikacin da ke gunduma ya fi kowa sani.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga koyarwa ta hoto da murya. An kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, aka kuma gudanar da talabijin na makaranta daga 1964 zuwa 1979. A duka biyun ba a bar na'ura ita kaɗai ba: akwai mutum a wurin da ke jan tattaunawa ko aikin aji bayan an kashe ta. Wannan darasi bai tsufa ba.

8. Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga duk wanda zai shirya irin waɗannan darussa da Hausa.

Na ɗaya, kada a fassara na waje kai tsaye. A ɗauki sababbi, da misalan ƙauyukanmu, inda za a ga suna ya ɓace ko ya fito da rubutun Faransanci, a kuma nuna yadda ake gyarawa.

Na biyu, darasin farko ya zama na sunaye: yadda ake buɗe asusu a OpenStreetMap, a nemo gari, a cika name:ha ba tare da taɓa sauran gurabe ba. A ja kunnen ɗalibi cewa ba a kwafo suna daga taswirar da ke da haƙƙin mallaka. Sunan da aka ji daga bakin masu gari ba shi da wannan matsala, kuma ya fi inganci.

Na uku, kowane bidiyo ya zo da shafin rubutu mai ɗauke da umarnin da za a kwafa, wanda kuma za a iya bugawa a takarda. Shafin ne tushe, shi za a riƙa gyarawa.

Na huɗu, a farkon kowane bidiyo a faɗi shekarar da aka ɗauke shi da ɗorin da ake magana a kansa.

Na biyar, a yi kuskure da gangan a gaban ɗalibi, na juyin lambobi da na waƙafi, a nuna alamarsa da maganinsa.

Na shida, a daidaita kalmomin fannin kafin a ɗauki murya. Waɗanda muka yi amfani da su a nan, kamar ɗori da awon arewa da matakin kusantowa, gwaji ne muka miƙa domin a tattauna. In kowane malami ya ƙirƙiri nasa, ɗalibin Maraɗi da na Tawa ba za su fahimci juna ba.

Na bakwai, a ajiye bidiyon a Wikimedia Commons, wanda ke karɓar tsarin WebM, yana kuma ba da damar ƙara rubutun ƙasan hoto da harsuna dabam-dabam. Ta haka darasi ɗaya zai yi wa masu sauran harsunan ƙasa amfani.

9. Kammalawa

Darussan bidiyon da muka duba sun cika alkawarin da suka ɗauka, wato su sa taswira ta bayyana a shafi. An yi su domin mutanen da taswirar ƙasarsu ta riga ta cika, sunayensu kuma suka daidaita tun da daɗewa. Mu namu aikin yana farawa tun kafin nan, daga jerin sunayen garuruwa da ƙauyuka da aka ji daga bakin masu su, aka rubuta da ƙa'ida ɗaya. Masu binciken da suka yi shekaru suna yawon ƙasa suna da irin waɗannan sunaye cikin littattafan aikinsu da faya-fayan da suka ɗauka. Muna roƙon su fito da su, gunduma bayan gunduma, a tace, a shigar. In an yi wannan, darasin minti biyar zai wadatar. In ba a yi ba, za mu horar da ma'aikata masu saurin hannu waɗanda taswirarsu sabon mai karatu ba zai iya samun garinsu a kanta ba.